Argungu Bayan An Naɗe Homa

A ranar ƙarshe ta bikin kamun kifi na Argungu, dubban masunta kan ja sahu nesa kaɗan da gaɓar Matan Fada, kowa da homarsa da ƙaton goransa. Da an harba bindiga sai su kwasa a guje su auka ruwa, makaɗa na biye da su cikin kwale-kwale, ƙura da sowa su turnuƙe wurin. Bayan kamar awa ɗaya a sake ba da alama, a ɗora manyan kifaye a kan sikeli, a miƙa wa gwani kyautarsa, manyan baƙi su shige motocinsu su nufi filin jirgin sama na Birnin Kebbi ko su kama hanyar Sakkwato. Wannan awa ɗaya ita ce kusan duk abin da duniya ta sani game da Argungu. Ita ake bugawa a kalanda, ita ake koya wa yara a firamare, ita hukumomin yawon buɗe ido ke nunawa duk lokacin da aka ce a kawo abin alfaharin Arewa.

Ba aibi ba ne gari ya yi suna da abu ɗaya. Aibin yana zuwa ne idan sunan ya rufe garin har masu mulkinsa suka manta da sauran abin da ke cikinsa. Shekara tana da kwana 365, bikin kuwa kwana huɗu ne, kuma ba kowace shekara ake yin sa ba. Duk wanda ke son Argungu ta ci moriyar baƙi, tambayar da ta kamata ya fara da ita ita ce: me mutum zai zo gani a watan Nuwamba, ranar wata Asabar da babu gwamna, babu kakaki, babu 'yan jarida?

Tarihin bikin kansa yana da abin cewa a kan wannan. Tun kafin a san da wata gasa, Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda da su ake buɗe lokacin su. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. Ziyarar ba ƙarama ba ce, domin gidajen biyu sun shafe kusan ƙarni guda takobi na tsakaninsu. Ke nan baƙon farko bai zo don kifi ba. Ya zo ne don Kabi, kifin kuwa tarba ce, kamar yadda ake yanka wa baƙo rago. Sannu a hankali tarbar ta girma har ta haɗiye dalilin ziyarar. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, bikin ya zama na ƙasa, daga baya aka liƙa masa laƙabin na duniya. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Sai dai a lokacin da wannan shaida ta zo, bikin yana kwance. An yi na 2009, ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo buɗewa, aka kuma kama kifi mai nauyin kilo 78. Bayan wannan ma an sake ɗaukar shekaru shiru. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne: rashin tsaro, ƙarancin ruwa, rashin kuɗi. Kowanne gaskiya ne. Amma a duba wanda ke biyan kuɗin shirun. Mai masauki da ya ƙara ɗakuna, matar da ke suyar kifi, mai kwale-kwale, maɗinkin homa, ɗan acaɓa, makaɗi, duk sun ɗaura abincinsu a kan ranar da ba su ne ke sa ta ba. Ranar tana hannun kasafin kuɗin gwamnati da jadawalin shugaban ƙasa. Sana'ar da ke jiran shekara goma kafin ciniki ya faɗo, ɗa ba zai gaje ta daga ubansa ba.

Alhali garin yana da abin nunawa kullum. A gefen babbar kasuwa akwai Gidan Nabame, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka bari a 1942 lokacin da aka koma sabuwa, aka kuma buɗe ta a matsayin Gidan Tarihi na Kanta a 1958, shekara biyu kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai. A ɗakunansa akwai masu da takubba da kwari da baka, da bindigogin gargajiya, da tambura, da layu, da kayan su da na noma. A cikinsa kuma ake binne sarakunan Argungu. Wanda ya shiga ba tare da mai bayani ba zai ga tsofaffin ƙarafa da fatu, ya fito cikin minti ashirin. Wanda ya sami mai bayani zai iya wuni, domin kowane mashi yana da yaƙin da ya je.

Labarin da ke bayan waɗannan kayan yana cikin manyan labaran Afirka ta Yamma. A farkon ƙarni na 16, Muhammadu Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle, ya kuma karya rundunar da aka aiko ta ladabtar da shi. Marubucin Tumbutu, Abdurrahman Sa'adi, ya kawo wannan a littafinsa Tarihus Sudan. Kanta ya gina birnin Surame da ganuwar dutse, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa inda ganuwa ta ƙasa ce. Ruwayar baka ta ce Nufawa sun makara zuwa aikin gayyar, sai ya hukunta su da cewa su kwaɓa nasu rabon da man kaɗanya maimakon ruwa. Ta kuma ce yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla. Ko mutum ya yarda da waɗannan ko bai yarda ba, kangon Surame yana nan, kuma tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don a duba. Abin lura shi ne, da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, iyaka ta bar tsohon babban birnin Kabi a cikin Jihar Sakkwato. Gidan tarihin yana wata jiha, birnin da yake ba da labarinsa yana wata. Babu wanda zai haɗa su a tafiya ɗaya sai jihohin biyu sun zauna tare.

Babi na biyu na labarin ya fi kusa, ya kuma fi zafi. Wajen farkon ƙarni na 18 sarakunan Kabi suka koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A ƙarshen wannan shekarar aka gwabza a Alwasa, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi na yau, inda masu jihadi suka sha wuya ƙwarai kafin su farfaɗo a Gwandu. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu. An kashe Sarki Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, sannan a 1849 ya sake ɗaga tutar Kabi tare da Zabarmawa da Arawa da Dandawa. Daga nan har zuwan Turawa, Argungu ba ta faɗa hannun Sakkwato ko Gwandu ba. A yau Birnin Kebbi ita ce mazaunin Sarkin Gwandu, hubbaren Shehu Abdullahi yana garin Gwandu, kaburburan waɗanda suka yaƙe shi da magadansa suna Argungu. Duk waɗannan wurare mota tana zagaya su a wuni ɗaya.

Da wuya a sami wani yanki a Arewa inda ɓangarori biyu na tarihi ɗaya suke zaune kusa da juna haka, kowanne da fadarsa da kaburburansa da mawaƙansa. Wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta, kada a tayar da tsohon miki. Tsoron yana da tushe, domin tarihin nan har gobe yana shiga siyasar jihar. Amma sarakunan 1934 sun fi kowa kusa da mikin, iyayensu ne suka yi yaƙin, kuma su ne suka zauna a gaɓa ɗaya suna kallon su. Ɗalibin da ya ji labarin Alwasa da safe daga bakin Bakabe, ya sake jin sa da yamma daga bakin mutumin Gwandu, ya koyi abin da aji ba ya koyarwa game da yadda ake auna ruwaya. Haka ma masu ƙyamar layu da kayan tsafi da ke gidan tarihi. Ajiye abu don a san yadda aka yi a da daban yake da bauta masa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta labarin Kanta a cikin Infaƙul Maisuri, Shehu Abdullahi kuma ya bar bayanin yaƙe-yaƙen Kabi a Tazyinul Waraƙati. Malaman da suka yi jihadin ba su ga laifin adana labarin abokan karawarsu ba.

Akwai wani gari mai nisa da ya taɓa tsayawa a irin wannan mararraba, kuma abin da ya yi yana da amfanin dubawa, da kyakkyawansa da mummunansa. Kadif, babban birnin Wels a yammacin Birtaniya, gari ne na bakin teku da ya rayu a kan abu ɗaya, wato kwal. A 1913 tashar jiragen ruwansa ta fitar da fiye da tan miliyan goma. Bayan rabin ƙarni cinikin ya mutu, tashar ta zama kufai. Daga 1987 aka shiga gyaran bakin ruwan, aka datse mashigin teku da madatsar da aka kammala a 1999, aka gina babban zauren wasanni da majalisar dokokin yankin a gaɓar. Kadif ma tana da nata ranakun cika, lokacin da ake wasan ƙwallon zari-ruga a babban filinta, amma ba ta dogara da su ba. Baƙon da ya zo ranar Talata yana da tsohuwar ganuwar tsakiyar gari, yana da jirgin ruwa mai zagayawa da shi, yana da gidan tarihi na St Fagans da aka buɗe a 1948, inda aka ɗauko fiye da gine-gine arba'in daga sassan ƙasar, gidajen manoma da shaguna da makaranta da maƙera, aka sake gina su dutse bayan dutse, kuma shiga kyauta ne.

Abin da ya fi dacewa da Argungu yana wajen birnin, a tsaunukan da kwal ɗin ke fitowa. Mahaƙar da ake kira Big Pit ta daina aiki a 1980, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1983. Waɗanda aka ɗauka su riƙa sauka da baƙi mita casa'in ƙarƙashin ƙasa tsofaffin mahaƙa ne, mutanen da suka yi aikin da hannunsu. Ilmin da ke kansu shi ne kayan da ake nunawa, shi ne kuma albashinsu. Argungu tana da irin waɗannan mutane, kuma sana'arsu ba ta mutu ba tukuna. Akwai Sarkin Ruwa mai kula da gulbi, akwai Homa shugaban masunta, akwai iyalan da suka gaji nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa da tseren kwale-kwale, wasannin da ake haɗawa a kira kabanci. Masuncin da zai ɗauki mutum shida a kwale-kwale da hantsi, ya nuna musu yadda ake kwanciya a kan gora, yadda ake buɗe homa biyu a haɗe su, inda giwan ruwa ke fakewa da yadda ake bambanta ta da ramboshi tun daga motsin ruwa, ba ya buƙatar a gina masa komai. Rigar kariya daga nutsewa yake buƙata, da farashi sananne, da wanda zai turo masa baƙi.

Mummunan darasin Kadif shi ma na Argungu ne. Madatsar ta shafe laka da fadamar bakin teku inda dubban tsuntsaye ke kiwo, kuma mazauna tsohuwar unguwar tashar, ciki har da jikokin matuƙan jirgi Somaliyawa da Yamanawa, sun daɗe suna kukan cewa an ƙawata bakin ruwa an bar su a baya. Gyaran da aka yi don idon baƙo kaɗai yakan ture mai gida.

Wannan ya kawo magana kan gulbin kansa, wanda shi ne jarin duka. Ruwan da ke wucewa ta Argungu ya haɗa na Rima da na Sakkwato, kuma duka biyun an datse su a sama: Bakolori a 1978, Goronyo a 1984. Tun daga nan ambaliyar da ke cika fadama kowace damina, inda kifi ke hayayyafa, ta koma hannun masu buɗe ƙofar dam. Wata shekara ta yi kaɗan, wata shekara ta zo gaba ɗaya ta cinye gonaki. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a bikin saboda ƙarancinsa. A 2008 aka ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan an zarge shi da shigo da mataccen kifi daga wani ruwa. An yi ta dariyar abin a jaridu, amma ruwa ba ya tsami banza. A gefe guda kuma fadamar ta zama ta shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015, a 2017 aka buɗe katafariyar masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, injinan ban ruwa kuma suna ta zuƙa duk rani. Babu mai hankalin da zai ce a bar shinkafa don kifi, shinkafar ce ke ciyar da mafi yawan gidaje, kuma koren fadamar a tsakiyar rani shi kansa abin kallo ne ga wanda ya taso daga tudu. Amma manomi da masunci da mai kwale-kwale ruwa ɗaya suke sha, kuma rabonsa yana buƙatar yarjejeniya a rubuce tsakanin jihar da masarautar da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Yashe Matan Fada ana saura wata ɗaya biki fafe gora ne ranar tafiya.

Saura tambayar wane ne baƙon. Kalmar "na duniya" da ke cikin sunan bikin ta sa ana hangen Bature mai kyamara, ana auna nasara da yawan jakadun da suka zauna a rumfa. Baturen nan, a halin da ake ciki, ofishin jakadancinsa ya riga ya gargaɗe shi kada ya zo. Baƙon da zai riƙe Argungu yana kusa. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da na Aliero, da na Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke cikin garin. Ma'aikacin banki ne a Sakkwato da ke neman inda zai kai iyalinsa bayan Sallah, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Mutanen Doso da Gaya da Dogonduci ne, waɗanda kakanninsu suka yi yaƙi a sahun Nabame, kuma tarihin da ke Gidan Kanta nasu ne. Waɗannan ba sa neman otal mai tauraro biyar. Suna neman su san ranar da gidan tarihi ke buɗe da abin da ake biya, su sami bayani a rubuce da Hausa da Turanci da Faransanci, da bayan gida mai tsabta, da masallaci kusa, da inda za a ci gasasshen kifi a inuwa. Kuɗin duk wannan bai kai na motocin da ake rabawa a biki ɗaya ba.

Hujja mafi nauyi a kan duk abin da aka faɗa ita ce tsaro, kuma ba ta da amsa mai sauƙi. A Nuwamban 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kashe mutane a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, a ƙasar masarautar Argungu. Dajin da ke kewaye da Surame yana yankin da ake fargabarsa. Babu shugaban makarantar da zai sa yara a mota zuwa can a yau, kuma yana da gaskiya. Sai dai wannan hujjar ta fi cizon tsarin da ake bi yanzu. Jibge sojoji da 'yan sanda na kwana huɗu don manyan baƙi su zo su tafi lafiya ba ya ƙara wa mutumin Mera kwanciyar hankali a sauran shekara. Hanyar da motar ɗalibai za ta bi kowace Asabar kuwa dole ta zama amintacciya ga mai kai shinkafa kasuwa da mai kai mara lafiya asibiti. Kafin a kai ga Surame, ana iya farawa da abin da ke cikin gari da kan babban titi: Gidan Nabame, gaɓar Matan Fada, Alwasa, Birnin Kebbi, Gwandu.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran tsaro ko kasafi, kuma shi ne ya fi gaggawa. Dattawan da suka yi su a gulbin kafin a datse Bakolori, waɗanda suka san sunan kowane gurbi da irin kifin da ke kwana a cikinsa, yanzu sun haura shekara sittin da biyar. Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, wanda ke kan gadon tun 1996, yana da ikon tara su, sassan Hausa da na tarihi a manyan makarantun yankin kuma suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Waya mai ɗaukar murya ta isa a fara, da ɗaki guda a Gidan Nabame inda za a ajiye abin da aka naɗa.